Tsofaffin Titunan Tsibirin Ikko: Darasi a kan Tarihin da Muka Yi Tarayya a Cikinsa

Gabatarwa

Da wuya a sami gari a Arewa wanda za a rasa wanda ya taɓa zuwa Ikko a cikinsa. Wani fatauci ya kai shi, wani aikin soja, wani aikin Gwamnati, wani kuwa rakiyar shanu. Amma in ka tambayi yawancinsu abin da suka gano, ba za su wuce su ce maka cunkoson motoci da dogayen benaye da ruwan teku ba. Kaɗan ne suka san cewa a bayan benayen nan akwai tsofaffin tituna da lunguna waɗanda suka girmi Nijeriya kanta, kuma a cikinsu akwai sawun Nufawa da Hausawa da sauran mutanen Arewa, gefe da gefe da na Yarabawa masu gari.

An shirya wannan darasi domin azuzuwan yaƙi da jahilci, da makarantu, da ƙungiyoyin matasa, da duk wani ɗan ƙasa mai karatun Hausa. Nufinmu shi ne mu zaga da mai karatu tsibirin Ikko titi bayan titi, daga yamma zuwa gabas, mu nuna masa abin da kowace unguwa take tunasar da mu, sa'an nan mu faɗakar da shi cewa waɗannan abubuwa suna salwanta, kuma kiyaye su haƙƙi ne a kan kowa.

Yadda Tsibirin Yake

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta kowane gefe, watau abin da mutanen bakin Kwara, na wajen Yawuri da Borgu, suke kira gungu. Birnin da ake kira Legas a yau ya bazu ƙwarai, ya cinye garuruwa masu yawa, amma asalinsa ɗan tsibiri ne wanda mai ƙarfin ƙafa zai iya ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan tun rana ba ta yi tsaka ba. Masu gari suna ce masa Eko, daga nan Bahaushe ya samo sunan Ikko. Legas kuwa suna ne na Turawan Fotugal, waɗanda suka fara zuwa wannan gaɓa cikin ƙarni na 15, ma'anarsa a harshensu tafkuna.

Abin da ya mai da wannan ɗan wuri babbar kasuwa shi ne ruwan da ya kewaye shi. Tsibirin yana cikin wani makeken tafki ne wanda yake da kafa guda da ta ɓulle teku. Ta cikin tafkin nan kwale-kwale yana iya zuwa Epe da ƙasar Ijebu ta gabas, ya je Badagry da Porto-Novo ta yamma, ko ya bi kogin Ogun ya haura Abeokuta, duk ba tare da ya shiga haɗarin teku ba. Saboda haka kayan da suka fito daga cikin ƙasa da waɗanda jiragen Turawa suka kawo, a nan suke gamuwa. Wanda ya riƙe tsibirin, shi ya riƙe ƙofar ciniki.

Isale Eko, Tushen Gari

Mai shigowa daga arewa yakan hau tsibirin ta gadar Carter, wadda aka fara ginawa cikin 1901, aka kuma sake ta daga baya. Gadar takan sauke shi a Idumota, tsakiyar hayaniyar kasuwa. In ya karkata hagu ya bi lunguna, sai ya sami kansa a Isale Eko, watau gangaren Eko, unguwar da ta fi kowace daɗewa.

Mutanen farko da suka zauna nan Awori ne, wani reshe na Yarabawa, masunta da manoma. Daga baya mayaƙan Sarkin Bini suka kafa sansani, kuma daga wannan dangantaka gidan sarautar Ikko ya samo asali. Fadar Oba, watau Sarkin Ikko, sunanta Iga Idunganran, kuma sunan yana nuna cewa wurin gonar barkono ce a da. Har wa yau a wannan unguwa ake samun gidajen hakimai masu farar hula waɗanda ake kira Idejo, su ne al'ada ta sani da mallakar ƙasa. Ya kamata baƙo ya riƙe wannan a zuciyarsa: gari ne mai karɓar baƙi tun fil azal, amma yana da masu shi, da sarautunsa, da al'adunsa waɗanda ya wajaba a girmama.

Titunan Isale Eko ƙanana ne, masu kwane-kwane, domin ba don mota aka yi su ba. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko na Bida ba zai ga baƙon abu ba. Kowane gida babba zuriya guda ce, da tsakar gida, da ɗakuna kewaye. Sunayen wurare kuma su kansu darasi ne. Duk inda ka ji Ebute, to, mashigin jirage ne, kamar Ebute Ero inda kwale-kwale suke sauke kaya tun zamanin da. Inda ka ji Ita, fili ne ko mararraba. Inda ka ji Iga, fada ce ko gidan basarake.

Baƙin Ciniki da Zuwan Ingilishi

Ba za a faɗi tarihin Ikko a tsallake cinikin bayi ba. Tun daga zamanin Oba Akinsemoyin, cikin ƙarni na 18, fataken Fotugal da na Birazil suka mai da tsibirin wurin lodin mutane, suna biya da taba da barasa da bindigogi da albarushi. Cinikin ya fi ƙamari a farkon ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙe suka game ƙasar Hausa da Nufe da ƙasar Yarabawa. Cikin waɗanda aka lodo daga wannan gaɓa har da Hausawa da Nufawa da Barebari masu yawa, wasunsu ma almajirai ne masu karatu da rubutu. Aka kai da yawa daga cikinsu lardin Bahiya na ƙasar Birazil, inda suka yi ta yunƙurin ƙwatar kansu. Yunƙurin da ya fi shahara shi ne na bayi Musulmi a birnin Salvador cikin 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, amma da Hausawa.

A ƙarshen 1851 jiragen yaƙin Ingilishi suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko, suka mai da Akitoye kan gado, shi kuwa ya sa hannu a kan yarjejeniyar hana cinikin bayi ran 1 ga Janairu, 1852. Shekara goma ba ta cika ba, ran 6 ga Agusta, 1861, aka matsa wa ɗansa Oba Dosunmu ya miƙa tsibirin ga Ingila. Daga nan manja da ƙwarar manja da auduga suka maye gurbin bayi, kuma mutane iri iri suka yi ta kwararowa, kowane rukuni ya kafa unguwarsa. Waɗannan unguwanni su ne za mu bi yanzu.

Titin Masallatai

Daga Idumota babban titi ya miƙe kudu, wanda a zamanin Turawa ake kira titin Victoria, yanzu kuwa titin Nnamdi Azikiwe. Ga abin lura ga mutanen Jihar Neja: wanda aka sa wa titin sunansa, Shugaban Ƙasa na farko, a Zungeru aka haife shi ran 16 ga Nuwamba, 1904, lokacin garin yana hedkwatar Arewa, kuma da Hausa ya tashi a bakinsa. A kan wannan titi Babban Masallacin Ikko yake. Tsohon ginin an buɗe shi cikin 1913, aka rushe shi da jama'a ta yi masa yawa, aka gina na yanzu mai hasumiya huɗu wanda aka buɗe cikin 1988.

Tafiya kaɗan daga nan, a titin Martins, akwai masallacin da ya kamata kowa ya tsaya ya duba, watau masallacin Shitta-Bey. Muhammadu Shitta an haife shi a Saliyo, iyayensa Yarabawa ne waɗanda jiragen Ingilishi suka kuɓutar daga jirgin bayi. Irin waɗannan mutane da suka komo gida daga Saliyo ana kiransu Saro, kuma unguwarsu ita ce Olowogbowo, a yammacin tsibirin. Shitta ya tara dukiyarsa ne a cinikin kogin Kwara, musamman a Egga ta ƙasar Nufe, ya kuma kashe ta wajen gina wannan masallaci. Babban maginin kuwa, João Baptista da Costa, ɗaya ne daga cikin waɗanda suka komo daga Birazil. An buɗe masallacin cikin watan Yuli, 1894, Gwamna Carter yana wurin, kuma wani lauya Musulmi Bature daga Libaful, Abdullahi Quilliam, ya zo da saƙo daga Sarkin Santambul, Sultan Abdulhamid na Biyu, wanda ya ba Shitta sarautar Bey. Shekara guda bayan haka Shitta ya rasu.

To, dubi abin da ya taru a gini guda: dukiyar kasuwar Nufe, da mai gida haihuwar Saliyo, da hannun magini daga Birazil, da girmamawa daga Turkiyya. Ginin bai da girma ainun, kuma kantuna sun matse shi ta ko'ina, amma yana nan ana salla a cikinsa, kuma yana cikin gine-ginen da Gwamnatin Tarayya ta sa a ƙarƙashin tsaron doka.

Dandalin Tinubu, Marina da Unguwar Aguda

Ƙarshen titin Azikiwe shi ne dandalin Tinubu, cibiyar tsohon gari. An sa masa sunan Efunroye Tinubu, wata attajira mai ƙarfin faɗa a ji a fadar Akitoye da Dosunmu, wadda ta yi cinikin bayi da taba da makamai, ta yi jayayya da Ingilishi har aka kore ta zuwa Abeokuta cikin 1856, ta rasu can cikin 1887. Daga dandalin, tituna biyu na zamanin Turawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa: titin Broad a ciki, Marina kuwa a bakin ruwa. A Marina kamfanonin Turawa suka jera kantuna da sito-sito, kowane da kwatarsa. Ruwan ya ja baya yanzu domin an cike bakin gaɓa an shimfiɗa manyan hanyoyi, manyan jirage kuma tun tuni Apapa suke tsayawa. A nan ne babbar majami'ar Angalika take, wadda aka aza harsashin gininta na yanzu cikin 1925, aka gama cikin 1946.

Gabas da dandalin Tinubu ita ce unguwar Popo Aguda, kewayen dandalin Campos da titunan Bamgbose da Kakawa da Tokunbo. Aguda su ne 'yantattun bayi da 'ya'yansu waɗanda suka komo daga Birazil da Kyuba. Sun fara zuwa da yawa bayan tawayen 1835, suka ci gaba har bayan da Birazil ta hana bauta cikin 1888. Wasunsu Kirista ne 'yan Katolika, wasu Musulmi. Sun zo da sana'a a hannu: birkiloli, da kafintoci, da maƙera, da masu fenti, da teloli. Su ne suka kawo irin benen nan mai dogayen tagogi, da baranda ta ƙarfe, da adon furanni na siminti a goshin ƙofa, wanda daga baya ya bazu cikin ƙasar Yarabawa duka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rage shi ne Gidan Ruwa a titin Kakawa, gidan iyalin Da Rocha, wanda ya sami sunansa domin daga rijiyarsa ake sayar wa mutanen gari ruwan sha kafin a kawo famfo.

Epetedo, Unguwar Banufe

In aka bi titin Tokunbo aka nufi arewa maso gabas, sai a iso Epetedo, kuma a nan labari ya komo kan ƙasar Nufe. Yarabawa suna kiran Banufe da sunan Tapa. Babban jarumin Oba Kosoko, kuma mai ba shi shawara, shi ne Oshodi Tapa, wanda asalinsa Banufe ne. Ruwayar mutanen gari ta ce yana yaro ya zo fadar Oba Eshinlokun, aka tura shi Birazil ya koyo harshen Fotugal da dabarun ciniki. Shi ya shugabanci mayaƙan Kosoko a faɗan 1851, ya bi ubangidansa gudun hijira zuwa Epe. Da aka yi sulhu suka komo cikin 1862, sai aka ba shi da jama'arsa wannan yanki, aka kira shi Epetedo, watau mazaunin mutanen Epe. Ya yanka wa manyan yaransa gidaje, kowane gida da tsakar gidansa, ya zama attajiri, kuma Gwamnatin Turawa ta riƙa neman shawararsa har ya rasu cikin 1868. Kabarinsa da hasumiyar tunawa da shi suna nan a titin Oshodi.

Har yanzu zuriyar Tapa suna riƙe da wasu al'adun kakanninsu. Dogon dodon nan da ake kira Igunnuko a Ikko, shi ne Ndakogboya na ƙasar Nufe. Mutumin Bida ko Lapai ko Agaie da ya shiga Epetedo, gidan 'yan'uwa ya shiga, ko da harshe ya riga ya sauya.

Daga Kurkuku zuwa Filin Sukuwa

Mu komo kudu zuwa gabashin titin Broad. Nan tsohon kurkukun Turawa yake, wanda aka gina cikin ƙarni na 19. An tsare manyan 'yan kishin ƙasa a cikinsa, kamar Herbert Macaulay da Michael Imoudu shugaban ma'aikatan reluwe, daga baya kuma da Obafemi Awolowo. Bayan an daina amfani da shi ya daɗe kango, sai cikin 2010, shekarar cikar Nijeriya 50 da samun mulkin kai, aka mai da shi wurin shaƙatawa da tunawa da tarihi, aka bar tsohuwar katangarsa a tsaye. Wannan misali ne mai kyau na yadda za a amfana da tsohon wuri ba tare da an shafe labarinsa ba.

Gaba kaɗan sai tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ta da ta Nijeriya, kuma Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi takardun mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. Yanzu filin sunansa yake ɗauke da shi. A gefensa akwai makarantar King's College wadda aka kafa cikin 1909, kuma a Onikan akwai Gidan Tarihi na Ƙasa wanda aka buɗe cikin 1957. A cikinsa aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976.

Obalende da Hausawan Glover

Iyakar tsibirin ta gabas ita ce Obalende, kuma labarinta ya faro ne daga Jebba. Cikin 1857 wani jirgin ruwa na Ingilishi mai suna Dayspring ya daki dutse ya nutse a Kwara kusa da Jebba. Cikin waɗanda suka tsira har da wani hafsan jirgi, John Glover, wanda ya bi ta ƙasa ya isa Ikko, daga baya kuma ya zama mai mulkinta. Cikin 1863 ya tara wasu 'yan Arewa, yawancinsu waɗanda suka gudo daga bauta, ya ba su horon soja, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Rundunar Sojan Nijeriya daga wannan ƙaramar ƙungiya ta mutum 18 take lissafin asalinta. Sun yi yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, kuma saboda su da waɗanda suka biyo bayansu Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a Afirka ta Yamma.

Ana danganta kafuwar Obalende da waɗannan sojoji da iyalansu, waɗanda aka tasa daga mazauninsu na farko aka kawo nan. Ma'anar sunan da Yarabanci ita ce, Sarki ne ya koro ni nan. Gaskiya ita ce waɗannan mutane Turawa suka yi wa aiki, kuma da su aka ci garuruwa da yawa. Amma kuma mutane ne da suka zaɓi ɗaukar bindiga a kan komawa ƙangin bauta. Tarihi ba ya son a ɓoye ɗaya a bayyana ɗaya.

Goro, Kanwa da Jirgin Ƙasa

Ba soja kaɗai ya kai Bahaushe Ikko ba. Tun kafin jirgin ƙasa fatake suna gangarowa da kanwa da fatu da saƙi, ta Rabba da Ilori. A ƙarshen ƙarni na 19 goron ƙasar Ashanti, wanda a da ake ɗaukowa a kan jakuna ta hanyar Gwanja wata da watanni, sai ya fara zuwa Ikko ta jirgin ruwa. Alhassan Ɗantata yana cikin fataken da suka yi arziki ta wannan hanya kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa.

Jirgin ƙasa ya isa Ibadan daga Ikko cikin 1901. A Arewa kuma aka shimfiɗa wata hanya daga Baro, a bakin Kwara, wadda ta isa Kano cikin 1911. Hanyoyin nan biyu a Minna suka haɗu cikin 1912, kuma wannan haɗuwa ita ce ta ta da Minna daga ƙauyen Gwari a kan dutse ta zama babban gari. Daga nan gyaɗa da auduga da fatu da shanu suka yi ta gangarawa tashar Iddo, daf da gadar Carter, goro da gishiri da atamfa kuma suna haurowa. Ashe ke nan Minna da Ikko igiya guda ta ɗaure su. Ikko ta zama hedkwatar Nijeriya cikin 1914, ta riƙe wannan matsayi har ran 12 ga Disamba, 1991, da Gwamnati ta ƙaura Abuja, wadda yawancin ƙasarta daga Jihar Neja aka yanka.

Abin da Yake Salwanta

Tsofaffin titunan nan suna raguwa kullum. Bayan annobar da ta auka wa gari cikin 1924 aka kafa hukumar gyaran gari cikin 1928, aka rushe wasu unguwanni. Daga 1955 aka sake rushe tsakiyar tsibirin, aka kwashe mutane zuwa Surulere. Waɗannan an yi su ne da sunan tsabta da lafiya. Na yanzu kuwa tsadar fili ce take jawo su: mai gida ko magada su ga bene mai hawa shida cike da kantuna ya fi tsohon gidan kaka kawo kuɗi. Ga kuma gobarar kasuwa, da ambaliya, da rashin gyara.

Misalin da ya fi ban takaici shi ne gidan Ilojo, a bakin dandalin Tinubu. Bene ne irin ginin Aguda na ƙarni na 19, kuma tun 1956 Gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Duk da haka ran 11 ga Satumba, 2016, jajibirin Babbar Salla, aka wayi gari an baje shi. Abin da ya yi shekara fiye da 100 a tsaye, yini guda ya ishe shi. Ko an sake gina irinsa, ba shi ba ne.

Sauran ƙasashen Afirka masu irin wannan gari sun nuna akwai wata hanya. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsibirin Gore na Sanagal cikin jerin kayan gadon duniya cikin 1978, tsohon garin Zanzibar na Tanzaniya cikin 2000, da Lamu ta Kenya cikin 2001. Dukansu tsibiran ciniki ne, biyun farko ma sun yi ƙaurin suna a cinikin bayi. Mutanensu suna zaune a cikin tsofaffin gidajen, suna gyara su bisa ƙa'ida, baƙi kuma suna zuwa kallo suna kawo musu ciniki.

Aikin da Ke Kanmu

Dokar ƙasa ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashin wannan doka laifi ne a rushe ko a ɓata ginin da aka sa cikin kayan tarihin ƙasa, haka kuma laifi ne a fitar da kayan tarihi waje ba da izni ba. Amma doka ba ta da ido sai na jama'a. Saboda haka ana roƙon kowa ya kiyaye waɗannan abubuwa:

1. In ka je Ikko, ka keɓe safiya guda ka zaga da ƙafa. Lahadi da safe ta fi, domin kasuwanni ba su cika ba. Gani ya kori ji.

2. Ka nemi ɗan gari ya raka ka. Kada ka shiga fada, ko gidan zuriya, ko wurin ibada, ko ka ɗauki hoto, sai da izni.

3. In kana haya ko kasuwanci a tsohon gini, kada ka fasa bango ko ka cire ƙofa da taga don faɗaɗa kanti ba da sanin hukuma ba, kuma ka kula da wayoyin lantarki da ajiyar man janareta.

4. In ka ga ana shirin rushe ginin tarihi, ko ana cinikin kayan tarihi a ɓoye, ka sanar da gidan tarihi mafi kusa, ko mai unguwa, ko 'yan sanda.

5. Ka zauna da tsofaffin gidanku waɗanda suka yi soja ko reluwe ko fataucin goro, ka rubuta abin da suka sani tun suna da rai.

Daɗin daɗawa, darasin Ikko bai tsaya a Ikko ba. Mutanen Jihar Neja sun san tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka cikin 1806, ta nutse a ƙarƙashin tafkin Kainji cikin 1968, ba mai sake taka titunanta. Amma kangayen Zungeru, wadda tsofaffi suke kira Dungurum, suna nan. Tsohuwar tashar Baro tana nan. Unguwannin masaga da maƙeran tagulla na Bida suna nan, har UNESCO ta sa garin cikin biranen sana'ar hannu na duniya cikin 2021. Haka ganuwar Kano da ta Zariya da Gobarau ta Katsina. Kowane gari yana da nasa gidan Ilojo, wanda in aka yi sakaci za a wayi gari a tarar da fili. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Al'ummar da ta san ta yi ciniki tare, ta sha wuya tare, ta kuma karɓi mulkin kai a fili guda, ba ta da saurin yarda da mai cewa ba abin da ya haɗa ta.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsibirin Ikko ya zama babbar kasuwa?

2. Su wane ne Saro, su wane ne Aguda, kuma ina unguwanninsu suke?

3. Faɗi abubuwa uku da suka haɗa Ikko da ƙasar da take Jihar Neja a yau.

4. Yaya Rundunar Sojan Nijeriya ta samo asali?

5. Me ya sami gidan Ilojo, kuma wane darasi ke cikin wannan?

6. Lissafa tsofaffin gine-gine ko wurare uku na garinku, ka faɗi halin da suke ciki, da wanda ya kamata a sanar domin a kiyaye su.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.